Matakan shirya takardar tambayoyi ga 'yan kallo

Fara da rubuta abin da kake son sani a jimla ɗaya. Misali: ta ina 'yan kallo suka ji labarin wasan kwaikwayon, ko me ya sa wanda ya zo baje kolin zane bai sake dawowa ba. Duk tambayar da amsarta ba za ta sauya tsarin talla ko shirin taro ba, soke ta.

Daga nan sai rubuta tambayoyin, kuma a nan aikin yake. Kowace tambaya ta ɗauki abu ɗaya. In ka ce "Ka ji daɗin wasan da wurin zama?", wanda wasan ya burge amma kujera ta takura masa bai san abin da zai amsa ba. Kada ka sa wa mutum magana a baki da irin "Ai wasan ya yi kyau ko?" Ba shi ma'auni mai hawa 5, daga "ban gamsu ba sam" zuwa "na gamsu ƙwarai", irin wanda masanin halayyar ɗan Adam Rensis Likert ya gabatar a 1932. Maimakon "kana yawan zuwa?", tambayi sau nawa ya zo cikin wata 12 da suka wuce.

Tambayoyin shekarun mai amsa da samun kuɗinsa su zo ƙarshe, rukuni-rukuni.

Sai gwaji, wanda a ganina bai kamata a tsallake ba. Nemi mutane kaɗan, har da waɗanda ba sa zuwa kallo, su amsa a gabanka suna faɗin yadda suka fahimci kowace tambaya. Lura da inda suka yi jim, ka duba agogo. Gyara, sannan ka sake gwadawa da wasu sababbi kafin ka raba.