Darasi na 9: In Yaro Ya Daina Wasa

A karanta a hankali

Wata mata a Tudun Wada tana da ɗa mai shekara 7, ɗan aji biyu a firamare. Da can yaron ba ya zama wuri ɗaya. Da an taso makaranta sai langa, sai ƙwallon tsumma a lungu. Sai an kira shi sau uku kafin ya shigo cin tuwo. Bayan ƙaramar Salla sai ya canza. Kullum da safe ciki ke ciwo, amma ranar da babu makaranta garau yake tashi. Ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara 4.

Uban ya ce iya shege ne, ya sa bulala. Kakarsa ta ce kambun baka ne, ta kawo turare. Aka sayo maganin tsutsar ciki a kemis. Ciwo bai tafi ba.

Wata rana da yamma uwar tana tsintar shinkafa, ta ce masa, "Zo ka taya ni." Suna cikin tsinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Kai da wa kuke zama a aji yanzu?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Umma, an mai da ni layin baya. Ba na ganin allo. In na kwafi abu ba daidai ba sai a fito da ni, 'yan aji su yi ta ce mini daƙiƙi."

Ashe idonsa ne ba ya hangen nesa. Tsoron dariyar 'yan aji ne ya sauka a cikinsa da mafitsararsa.

Me ake nufi da lafiyar ƙwaƙwalwa?

Da an ambaci wannan kalma, wasu sai su tuna mai taɓin hankali da ke yawo a bakin kasuwar Sabon Gari. Maganar ta fi haka faɗi. Lafiyar ƙwaƙwalwar yaro ita ce ya iya wasa, ya iya barci, ya iya karatu gwargwadon shekarunsa, in ya yi fushi ya huce, in ya tsorata ya san wurin wanda zai gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne tun mutum bai wuce shekara 14 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka nan tun yana ɗanye yake karyewa.

Ƙaramin yaro ba ya cewa "ina cikin damuwa." Bai san kalmar ba. Jikinsa da halinsa ne ke faɗa: ciwon ciki ko ciwon kai da aka rasa dalilinsa, firgita cikin barci, ƙin abinci, maƙale wa uwa, dukan ƙanne, ko shiru daga yaron da aka sani da surutu. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓoyuwa, don mu manya muna son yaro mai shiru, har mu ce ya yi hankali.

Kafin hannu ya kai ga bulala, a tambayi kai: me ya canza? An yi masa ƙani? An yaye shi an kai shi gidan kaka? Aure ya mutu? An yi rasuwa? An ba da shi riƙo? An canza masa malami?

A gida

Mu fara da barci. Yaro daga shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare. Daga 6 zuwa 12 kuwa, awa 9 zuwa 12. Mu yi lissafi tare. Yaron da ake tasa ƙarfe 6 na safe, ya kamata ƙarfe 9 na dare ta same shi a kwance, in bai riga ba. Mu Zazzagawa muna alfahari da karatu, kuma mun isa. Sai dai a duba yinin ɗan shekara 6: allo da sassafe, boko har azahar, Islamiyya bayan la'asar, wani har da makarantar dare ko talla. Ina lokacin gaɗa da langa? A wurin wasa yaro ke koyon jira, da rabo, da haƙuri in an ka da shi.

Waya ma da nata. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Tatsuniya ta fi, don mai "ga ta nan, ga ta nanku" tana jiran a amsa mata, tana kuma kallon fuskar yaron.

Sai maganar alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane. Al'adarmu ce, ba mu ce a yar ba. Amma ɗan shekara 5 bai san alkunya ba, abin da ya gani shi ne ana rungumar ƙaninsa, shi ana kau da kai. A nemi lokacin da babu idon jama'a, a shafa kansa, a sa masa albarka. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba.

Fitsarin kwance kuwa, kafin shekara 5 ba a ɗauke shi ciwo ba. Ɗora wa yaro tabarma a ka, a tara yara su yi masa ature, ba ya tsai da fitsari. Kunya da tsoro yake ƙarawa.

A makaranta

Kada sai ranar karɓar sakamako za a taka ƙafa. Uba ko uwa su je, su gaisa, su ce, "Malam, yaya kake ganinsa a aji? Yana da abokai? Yana fita wasa lokacin tara?" In yaro ba ya gane karatu, a sa a duba idonsa da kunnensa, a duba ko yana karyawa kafin ya fita, ko akwai ƙarancin jini. Mai in'ina a bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa.

Yaushe za a je asibiti?

In canjin ya wuce mako biyu ko uku yana hana shi barci, ci ko makaranta. In ya manta maganar da ya riga ya iya. In yana ji wa kansa ciwo, ko yana ɗauke wuta na ɗan lokaci ido a ƙafe. In ya ce wani babba yana taɓa shi a inda bai dace ba, a yarda da shi, a kai shi a ranar. A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Rubutu da tattaunawa

A kwafi waɗannan a littafi, a lura da baƙaƙe masu ƙugiya: ƙwaƙwalwa, ɗan fari, ɓoyuwa.

Me ya sa yaron ya buɗe baki wajen tsintar shinkafa, bai buɗe ba da aka sa bulala?

Aikin gida: a zaɓi yaro ɗaya, a rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi har kwana 7. A zo da takardar aji mako mai zuwa, za mu ƙirga awoyin tare.