Yadda ake gwada babbar lamba kafin a ce ba ta rabuwa

'Yan'uwa masu nazarin lissafi, kafin ku ce babbar lamba ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, ku fara tara alƙalumanta, domin idan jimillar ta rabu da 3, lambar ma za ta rabu. Sannan ku yanka ta uku-uku daga dama, kuna debewa kuna ƙarawa. A 1,234,567, a debe 234 daga 567, a ƙara 1, sai a sami 334; tunda 7 da 11 da 13 ba su raba shi ba, ba za su raba uwar lambar ba, saboda wannan dabarar ta dogara ne a kan 1001, wato 7 sau 11 sau 13. Amma kada ku tsaya nan, domin 127 sau 9,721 shi ne 1,234,567.