Yadda Za A Kare Iyakar Filin Shakatawa Na Unguwa A Gombe

Filin shakatawa kaɗan-kaɗan yake salwanta. Mai shayi ne zai fara kafa teburinsa a gefe, mai faci ya biyo bayansa, wani kuma ya sauke tifar yashi da sunan kwana biyu, kafin a ankara sai a ga harsashin shago a daidai inda yara ke buga ƙwallo. Saboda haka duk unguwar da ke son 'ya'yanta su yi wasa cikin kwanciyar hankali, da maganar iyaka ya kamata ta fara.

Matakin farko shi ne takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen cikin birni a hannun gwamna bisa amana, don haka babu mai unguwa ko dillalin da ke da ikon yanka wani sashe na filin jama'a ya sayar. Mazauna unguwa su rubuta wasiƙa, mai unguwa ya sa hannu, su kai wa hukumar GOGIS mai kula da bayanan filaye a jihar, su nemi taswirar wurin tare da ma'aikacin safiyo da zai nuna musu turakun siminti na kusurwoyi. Idan an gano su, a ɗauki hotonsu, a kuma auna tazarar kowane ɗaya daga wani abin da ba ya gusawa, kamar turken wutar lantarki, domin turken iyaka yakan yi ƙafa da daddare.

Daga nan sai shinge, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Doguwar katangar bulo tana da tsada, sannan tana ɓoye abin da ke faruwa a ciki, har wurin ya koma mafakar masu shaye-shaye. A ganina gajeren shingen da mai wucewa zai iya hango ciki ya fi, a bi shi da layin dogon yaro, a dasa da farkon damina, a kewaye kowane dashe da kwando saboda awaki. Kada a yi shingen da bini-da-zugu ko tinya, duk da cewa su aka saba gani a gonaki: 'ya'yan na farko guba ne ga yaron da ya ci, ruwan na biyu kuma yana illata ido. A bar ƙofa biyu, a kafa turaka a tsakiyarsu yadda mutum da keken guragu za su wuce amma Keke Napep ba zai shiga ba. Masu sana'a kuwa a ware musu gefe ɗaya a waje.

Ƙasar Gombe ba ta jure ruwa mai ƙarfi. Idan filin ya yi iyaka da kwari, a ja shingen baya sosai daga bakinsa, a hana ɗibar yashi a wurin, domin gaɓar da ta yi kama da mai ƙwari tana iya zaftarewa bayan ruwan dare ɗaya.

Ciyawa ma ba abar raini ba ce a jihar da yawan saran maciji ya sa aka kafa asibitinsa na musamman a Kaltungo. A riƙa sassabe ta tun daga faɗuwar ruwa har kaka, a kwashe tarin duwatsu da fasassun bulo, waɗanda kububuwa ke son fakewa a ƙarƙashinsu. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau; a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Lilo da sauran kayan wasa a duba sarƙarsu da kusoshinsu kowane mako, kuma a watannin Maris da Afrilu babba ya fara taɓa ƙarfen da hannunsa kafin ya ɗora yaro. Ranakun Sallah, lokacin da wurin ke cika maƙil, iyaye su rubuta lambar waya a takarda su sa wa ƙananan yara a aljihu, su kuma nuna musu bishiya ɗaya da za a haɗu idan an rabu. Inda babu fitilar sola, a sa wa mai gadi doka ya sallami kowa ya rufe ƙofa da kiran sallar magariba.