Yadda Ake Binciken Lissafin Kuɗin Kamfani: Daga Karɓar Aiki Zuwa Sa Hannu

Duk shekara, da zarar kakar aiki ta ƙarato, ofishinmu kan cika da sababbin yara masu karatun ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, kowa da kwamfutarsa, kowa na ɗokin a tura shi wurin aiki. Kuma kusan kuskurensu ɗaya ne. Sun ɗauka oditi, wato binciken lissafin kuɗin kamfani, shi ne a zauna a ofishin akanta, a jera rasit a kan tebur, a duba ko jimla ta zo daidai da abin da ke littafi. Ai dole ta zo daidai, tunda wanda ya rubuta littafin shi ne ya miƙo maka rasit ɗin. Aikinka na odita shi ne ka samo hujjar da ba ta bi ta hannunsa ba. Na ɗauka mai karanta wannan ya riga ya iya shigar da lissafi gida biyu, ya kuma san bayanin kadara da bashi daga bayanin riba da asara, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Kafin ka karɓi aikin

Fara da tambayar me ya raba kamfanin da odita na baya. Kada ka tsaya ga bakin mai kamfani, rubuta wa shi odita ɗin wasiƙa, ƙa'idar sana'a ce. Wani lokaci rigimar kuɗin aiki ce kawai, wani lokaci kuwa ƙin sa hannu ya yi a kan abin da kai ma za a kawo maka. Sannan ka dubi kanka. In kana da hannun jari a kamfanin, ko surukinka ne manajan kuɗi, bar wa wani aikin, komai maiƙonsa.

Daga nan sai wasiƙar yarjejeniya. Ta faɗa ƙarara cewa shirya bayanan kuɗi nauyi ne a wuyan daraktoci, kai ra'ayi za ka bayar a kansu. Ni ba na tura yaro ko ɗaya sai an sa hannu a wannan takarda an kuma biya rabin kuɗi, kuma kuɗin mota da masauki daban nake rubuta su, domin kamfani mai sito uku a garuruwa uku zai cinye maka ladan aikin a man fetur. Ka kuma sani cewa dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wajabcin naɗa odita, wato wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, kuma dukiyarsa bayan an cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, tare da sauran sharuɗɗan da dokar ta gindaya. Faɗa wa mai kamfani gaskiya in yana cikin wannan rukuni. Da yawansu za su ce a yi duk da haka, saboda banki na neman rahoton kafin ya ba da rance.

San kasuwancin, sannan ka sa ma'auni

Ka je wurin da ƙafarka. Ka ga ta inda kaya ke shiga da ta inda suke fita, wa ke riƙe da mabuɗin sito, wa ke karɓar kuɗin hannu, wa ke shigar da su littafi. In mutum ɗaya ne ke yin ukun nan, ka gano inda za ka daɗe. Minti goma na hira da maigadi ko direban tirela kan faɗa maka abin da manaja ba zai faɗa ba a awa biyu.

Sai ka yanke girman kuskuren da zai iya sauya tunanin mai karanta rahoton, wannan shi ne ma'auninka. Da yawa kan ɗauki kashi 5 cikin ɗari na riba kafin haraji. Ga 'yan kasuwar hatsi, da ribarsu ke hawa da sauka kamar farashin kasuwa, ni kan ɗauki kashi 1 na ciniki. Kamfanin da ya yi cinikin naira biliyan 2, ma'auninsa miliyan 20 ke nan, sannan in rage shi zuwa miliyan 15 don aikin yau da kullum. Rubuta lambar da dalilinta a fayil tun ranar farko. In ba ka yi ba, za ka ɓata kwana uku a kan rasit ɗin ruwan leda, alhali tsibin kaya na miliyoyi na can ba wanda ya duba.

Ƙidayar kaya a sito

A nan zan daɗe, domin a nan na taɓa faɗuwa.

Halartar ƙidaya ba son rai ba ne. A 1938 asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu a Amurka: kusan dala miliyan 19 na kaya da basussukan da littafinsa ya ce yana bin mutane babu su, har da rumbunan ajiya da aka ce suna Kanada alhali a takarda kawai suke. Masu binciken ba su taɓa zuwa sun gani da ido ba. Bayan wannan ne aka mayar da ganin kaya da tabbatar da bashi wajibi, kuma yau ƙa'idar oditi ta ƙasa da ƙasa mai suna ISA 501 ce ke ɗauke da batun ƙidaya. Saboda haka ka tabbata an naɗa ka kafin ƙarshen shekarar kuɗin kamfani. In 31 ga Disamba ce, ranar kana sito, ba a gida ba.

Ba kai ke ƙirga wa kamfani kayansa ba. Ma'aikatansa ke ƙirgawa, kai kana kallo, kana kuma gwada naka. Abu na farko, a tsayar da shige da fice. In tirela na lodi ana ƙidaya, aikin banza ake yi. Na biyu, ka rubuta lambar webil (takardar rakiyar kaya) ta ƙarshe da ta fita da lambar takardar karɓar kaya ta ƙarshe da ta shigo, ka ɗauki hotonsu da wayarka. Da su za ka gane a Fabrairu ko an jawo cinikin Janairu an cusa shi cikin Disamba don riba ta kumbura. Takardun ƙidaya su kasance masu lamba a jere, a rubuta da biro, kuma ka tafi da kwafinka kafin ka bar wurin.

Gwajinka ya bi hanya biyu. Ka zaɓi kaya daga takarda ka je ka same su a ƙasa, wannan ke nuna kayan na nan. Ka kuma zaɓi tsibi daga ƙasa ka nemo shi a takarda, wannan ke nuna ba a bar komai a baya ba. Yara kan yi na farko su manta na biyu.

Tsibin buhuna kuwa, kada ka ƙirga shi daga ƙasa kana ɗaga kai. Buhu 20 a tsawo, 10 a faɗi, 15 a hawa, lissafi ya ba ka 3,000, amma sai in cikinsa a cike yake. Sa a kawo tsani ka hau. Na taɓa ganin tsibi da aka jera gefensa tsaf kamar ginin bulo, tsakiyarsa kuwa rami. Ka sa 'yan dako su zaro buhu biyar ko shida daga wurare dabam-dabam a ɗora a sikeli, domin riɗi da wake suna rage nauyi in sun bushe, kuma buhun da aka rubuta wa kilo 50 ba lalle ya kai ba. Ka ari ƙarfen nan mai rami da 'yan kasuwa ke soka wa buhu, ka zuba abin da ya fito a tafin hannunka. In ƙwaro ya ci wake, ko danshi ya taɓa shi, rubuta, domin ƙa'ida ita ce a kimanta kaya a kan wanda ya fi ƙasa tsakanin kuɗin da aka saye su da abin da za su kawo in an sayar. Ka ba 'yan dako ladan wahalarsu daga aljihun ofishinka, kada ka bar sitokifa, wato mai kula da sito, ya biya maka.

Ga inda na faɗi. Shekarata ta biyu a aiki, aka tura ni sitonin wani kamfani mai sayen riɗi. Hunturu ne, ƙura ta cika hanci, na hau kowane tsibi, na auna, na ƙirga, lissafina da nasu suka zo ɗaya. Na lura wasu buhuna a lungun hagu na da alamar jan fenti a gefe, sauran kuwa baƙi, amma ban tambaya ba. A Fabrairu muna bin cinikin bayan shekara, sai maigidana ya ga buhu 800 sun fita ba invois (takardar ciniki), ba kuɗi, ba sunan mai saye. Ya kira ni ya ce, "Malam, kayan nan da ka ƙirga, wa ya ce maka nasu ne?" Ashe ajiyar wani ɗan kasuwa ce da ke biyan hayar wuri, kuma an shigar da su cikin kayan kamfani. Ƙidayata daidai take, tambayar mallaka ce ban yi ba. Tun daga ranar, duk sito da na shiga sai na ce wa sitokifa, "Nuna min kayan da ba naku ba." Sai kuma in tambayi akasin haka: ina kayanku da ke hannun wasu? Duk wanda ya san Dawanau ya san ajiya a siton wani abu ne na kullum. Kayan da ke hannun wani, rubuta masa wasiƙa ya tabbatar, in suna da yawa ka je ka gani. Kayan da ke gabanka kuma, bi su har takardar saye da shaidar biya. Ka kuma tambaya ko an jinginar da su ga banki.

In an naɗa ka bayan shekara ta rufe, sa a yi ƙidaya ranar da ka samu dama, ka bi shige da fice baya-baya har 31 ga Disamba. In takardun ba za su kai ka ba, kada ka rufe ido, wannan zai fito a ra'ayinka.

Banki da masu bashi

Takardar bayanin asusu da akanta ya buga maka ba hujja ba ce sai banki ya tabbatar. Kamfani zai sa hannu a wasiƙar izini, amma kai za ka aika, kuma amsa ta dawo ofishinka kai tsaye. A Disamba 2003 Bank of America ya ce takardar da ke nuna wani reshen kamfanin madara na Parmalat na Italiya na da yuro biliyan 3.95 a wurinsa jabu ce. A 2020 kuma Wirecard na Jamus ya rushe a kan yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankunan Filifin. Ka tambayi banki duk asusun da kamfani ke da su, har wanda aka rufe cikin shekara, da rance, da jingina. Bankuna kan caji kuɗi a kan wannan kuma sukan yi jinkiri, don haka aika tun makon farko na Janairu.

Waɗanda kamfani ke bi bashi a kasuwanninmu ba kasafai suke amsa wasiƙar tabbatar da bashi ba. Aika duk da haka, amma gajeriyar hanya ita ce ka duba wa ya biya a Janairu da Fabrairu. Wanda ya shekara bai kawo ko kwabo ba, a yi maganar rage darajar bashinsa, ko da ƙanin Alhaji ne.

Sauran aikin

Kadarori: ga mota da idonka, duba lambar inji da takardun mallaka, sau da yawa za ka tarar da sunan mai kamfani a kai maimakon sunan kamfani. Albashi: ɗauki sunaye goma ka nemi masu su. Duba ko harajin albashi ya isa hukumar haraji ta jiha, ko kuɗin fansho, kashi 10 na kamfani da 8 na ma'aikaci a dokar 2014, sun isa inda ya kamata, ko harajin VAT na kashi 7.5 da aka karɓa an miƙa shi. Asusun darakta da ke littafin kamfani kuwa ka bi shi layi-layi, nan ake zuba kuɗin makarantar yara da kujerar Umara. Duba shigarwar da aka yi da hannu a makon ƙarshe na shekara. Karanta bayanan taron daraktoci, tambayi lauyansu ko akwai shari'a a kotu, ka kuma auna ko kamfanin zai iya kai wata 12 masu zuwa yana biyan bashinsa.

Tara duk kurakuran da ka samu a takarda ɗaya, ka kai wa daraktoci su gyara. Abin da suka ƙi gyarawa, auna shi da ma'aunin da ka sa tun farko. Karɓi wasiƙar tabbaci daga gare su, wadda ke tabbatar da abin da suka faɗa maka, mai kwanan wata daidai da na rahotonka ko dab da shi. Ra'ayi huɗu ne: tsaftatacce, ko mai "sai dai" in matsalar na da girma amma a wuri ɗaya take, ko na ƙin amincewa in ta game ko'ina, ko ka ce ba ka iya ba da ra'ayi ba don an rasa hujja. Daraktoci su fara sa hannu a bayanan kuɗin, sannan abokin tarayyar ofis mai lasisi ya sa nasa, da lambarsa ta FRC, hukumar kula da rahoton kuɗi ta Najeriya, da hatimin ƙungiyarsa. Kammala haɗa fayil cikin kwana 60 daga ranar rahoto, ka adana shi aƙalla shekara 5, har da hotunan webil ɗin nan da ke wayarka.