Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kiwon Kifin Morei Mai Ɗige-ɗige

A cikin dangin morei, kifayen nan masu siffar maciji da ke ɓuya a kogunan duwatsun teku, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jure zaman tankin gilashi shi ne Echidna nebulosa, fari mai ɗige-ɗigen baƙi da rawaya. Ana samunsa tun daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka har zuwa Hawai da Panama. Juriyar nan tasa ce ke sa a yi sakaci da shi.

Babban kuskure shi ne murfi. Ni kam, duk wanda ya ce min zai saya, murfin nake fara tambayarsa. Kifin nan dare ne lokacinsa, yana bin bango yana lalube, duk kafar da kansa ya shiga sauran jikin zai bi. Ramin da wayar famfo ta ratsa ma ya ishe shi. A teku yakan fito kan duwatsu idan ruwa ya janye, yana farautar ƙaguwa. A 2021 Rita Mehta, masaniyar kimiyyar halittu ta Jami'ar Kalifoniya, ta nuna cewa yana iya haɗiye abinci a tudu, saboda muƙamuƙi na biyu da ke cikin maƙogwaronsa. Fita daga ruwa halinsa ne. A sa murfi mai nauyi, a toshe kowace kafa da soso ko raga. Idan aka tsince shi a ƙasa da safe, a mayar da shi ruwa tukuna, domin wani yakan farfaɗo ko da fatarsa ta fara bushewa.

Sai ƙaramin tanki. Ana sayar da shi siriri kamar ɗan yatsa, amma yakan kai santimita 60, wani ma ya wuce. A tanadi lita 280 zuwa sama, da matata mai ƙarfi, don kashinsa da yawa. Duwatsun kuwa a kafa su a kan gindin tankin kafin a zuba yashi, in ba haka ba zai tone su rushe masa. A binne masa guntun bututun roba ya samu mafaka.

Wajen ciyarwa, abin da ya fi ba ni takaici shi ne miƙa masa abinci da hannu. Ganinsa da rauni, da hanci yake neman abinci, bai san yatsa daga jatan lande ba. Haƙoransa dakusassu ne, na fasa ɓawon ƙaguwa, amma cizon yakan yi ƙwari ya ruɓe. A yi amfani da dogon tsinke, sau biyu ko uku a mako. A ba shi naman teku, a guji kifin ruwan daɗi irin jan kifin ado, wanda ke lalata masa bitamin B1. Kada kuma a haɗa shi da ƙaguwa ko jatan landen ado, kalacinsa ne.

Wasu idan sun ga yana buɗe baki yana rufewa, ko ya yi makonni bai ci ba, sai su antaya magani. Buɗe bakin numfashi ne, ƙin cin kuma ya saba da shi a sabon wuri. Fatarsa sumul take kamar ta tarwaɗa, maganin da ke da jan ƙarfe yana iya kashe shi. A fara auna gishirin ruwan, ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafinsa kuma digiri 24 zuwa 27.