Yanayin aikatau a Jamusanci: kurakuran da aka fi yi

Aikatau a Jamusanci yana zuwa ne cikin yanayi uku: Indikativ na faɗin abin da ya tabbata, Imperativ na umarni, sai Konjunktiv mai kashi biyu: Konjunktiv II na buri, sharaɗi da ladabi, da Konjunktiv I na ɗauko maganar wani. A na ukun nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, kuma sau da yawa ɗigo biyu ne kacal sanadi, waɗanda ake sawa a kan wasali kamar a ä, ö, ü.

Hatte daban, hätte daban. "Ich hatte Zeit" labari ne na abin da ya wuce: a da ina da lokaci. Amma "Wenn ich Zeit hätte, würde ich kommen" shi ne namu na "da ina da lokaci, da na zo", wato Konjunktiv II. Haka konnte da könnte, wurde da würde, musste da müsste. Mai rubutu a waya sai ya yi ganda ya bar ɗigon, ya mai da buri labari ba tare da ya sani ba. In wayarka ba ta da ä, ö, ü, rubuta ae, oe, ue. An yarda da wannan. Baki ma yana buƙatar horo: don furta ö, ka shirya faɗin "e" sannan ka tattara leɓɓa kamar mai cewa "o".

In magana ta zama ta da-na-sani, würde ba ya wadatarwa. Sai a ce "Wenn ich das gewusst hätte, wäre ich gekommen". Lura da wäre, wanda siffar sein ce kamar yadda hätte yake siffar haben: kommen da sein yake tafiya, don haka "hätte gekommen" kuskure ne.

Wanda ya fi damuna shi ne "Ich will ein Brot" (ina son burodi) a gaban mai shago. Nahawu bai karye ba, ladabi ne ya zube. Ka ce "Ich hätte gern ein Brot", ko "Könnten Sie mir helfen?"

Umarni da sauƙi. Ga aboki a jefar da du (kai ko ke) da ƙarshen -st: komm, nimm, amma fahr ba fähr ba. Ga babba ko baƙo Sie (ku na girmamawa) ba ya faɗuwa: "Kommen Sie", "Seien Sie ruhig".

Konjunktiv I kuwa na 'yan jarida ne, za ka ji shi a Tagesschau, shirin labaran talabijin na Jamus: "Er sagte, er sei krank" (ya ce ba shi da lafiya). Yana kama da "wai" ɗinmu, sai dai ba ƙaryatawa ba ne, ɗauko maganar wani ne kawai. Inda siffarsa ta zo ɗaya da Indikativ, kamar "sie haben", sai a koma "sie hätten". A hira ta yau da kullum ba lallai ka yi amfani da shi ba, amma ka gane shi kafin ka shiga jarrabawar Jamusanci ta matakin B2.