Yadda Ake Tsabtace Ruwan Rijiya da na 'Yan Ga-ruwa Kafin a Sha

Ruwan da ya yi garau a ido ba lallai ne ya dace da sha ba, domin ƙwayoyin kwalara da na taifot ba sa sauya launinsa ko ɗanɗanonsa. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya, wanda aka fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2015, bai amince a samu ƙwayar cuta ta bahaya ko guda ɗaya a cikin mililita 100 ba. Sai dai babu jami'in da ke bi gida-gida yana auna rijiya ko jarkar ɗan ga-ruwa, saboda haka nauyin ya rataya a wuyan mutanen gida.

A fara da rijiyar kanta. Ya kamata ta yi nisan aƙalla mita 30 daga masai, a ɗaga bakinta da siminti, a yi mata murfi, sannan a rataye guga maimakon a yar da shi a ƙasa inda kaji da awaki ke tattakawa.

Idan ruwan ya zo da laka, musamman da damina, a jefa ɗan alif a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama ta farin ƙyalle mai tsabta. Alif dauɗa kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Bayan haka sai a tafasa ruwan sosai na tsawon minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin kamar Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa, a jira minti 30. Ɗan warin kulorin da ya rage alama ce cewa maganin ya isa.

A ganina, a wurin ajiya ne aka fi yin asarar wannan wahala. Yaro ya fito daga bayan gida bai wanke hannu ba, ya tsoma moɗa har wuyan hannu cikin randa, ya sha, ya mayar da ragowar. Ruwan da aka tafasa da safe ya gurɓata ke nan. A zuba ruwan sha a jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo, a riƙa wanke shi da sabulu akai-akai. Idan randa ce, a rufe ta, a keɓe mata ludayi mai dogon hannu da ba a kai shi baki.

Mazauna kusa da wuraren sarrafa ma'adinai, kamar yankunan Anka da Bukkuyum a Zamfara inda gubar dalma ta hallaka yara a 2010, su sani cewa tafasawa da kulorin ba sa cire dalma. Irin wannan ruwa sai an kai shi ɗakin gwaji kafin a amince da shi.